Amsa ga mai son sassaƙa kwaikwayon tsofaffin bindigogin soja don ajiya

Tambayar ta zo ne daga wani malamin makarantar sakandare a Zuru. Ya ce kakansa yana cikin sojojin da aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana so ya yi kwaikwayon bindigar da suka riƙe, wadda ba ta harbi, ya rataye ta a falo kusa da hoton tsohon, daga nan ya ci gaba da tara irinta har ya haɗa jerin bindigogin da suka ratsa tarihin ƙasar Kabi. Yana son sanin ta inda zai fara, da irin itace ko ƙarfen da zai yi aiki da shi, da yadda zai sa abin ya yi kama da na ainihi.

Malam, aikin mai yiwuwa ne, kuma kusan duk kayan da kake bukata suna nan a kasuwar Zuru ko ta Birnin Kebbi. Sai dai zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshen tambayarka, wato kamanni, domin a nan haɗarin yake. A halin da Danko-Wasagu da Sakaba da sauran ƙasar Zuru suke ciki, duk abin da ya yi kama da bindiga ta kowace fuska bindiga ne a idon sojan da ke shingen bincike, da ɗan sa-kai, da maƙwabcin da ya hango shi ta taga bayan magariba, kuma babu ɗayansu da zai tsaya ya ƙwanƙwasa ya ji ko itace ne. Saboda haka shawarata ita ce ka zuba duk ƙwarewarka a kan awo da siffa da launi da alamomi, waɗanda su ne masani yake dubawa, amma jikin abin ya kasance itace zalla, toshe tun daga baki har gindi, babu rami, babu abin da yake motsi, kuma a manne da allon da ba a raba shi da shi. Kada bututun ƙarfe ya shiga aikin ko kaɗan, ko da guntun bututun famfo ne.

Dalilin wannan tsanani yana cikin doka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da na amfanin kai waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, waɗanda al'amarinsu yake hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana ƙerawa da harhaɗawa da gyarawa ba tare da izini ba, kuma ta lissafa sassan bindiga a cikin ma'anar bindiga. Wannan na ƙarshe shi ne yake kama masu tara kayan tarihi, domin mutum yakan sami tsohuwar sakatar bindiga, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi, ko gidan harsashi na gaske a hannun ɗan gwangwan ya ɗora a kan aikinsa na itace don ya ƙara masa armashi, alhali ya shigar da kansa cikin abin da dokar fashi da makami ta 1984 ta yanke wa ɗaurin shekara 10. Tun kafin ka sayi katako, ka rubuta wa babban jami'in 'yan sandan yankinku takarda, ka haɗa da zanen abin da za ka yi, ka bayyana cewa na itace ne don koyar da tarihi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ka kuma sanar da mai unguwa. Ko a ƙasashen da wannan sha'awa ta kafu ba a bar ta sakaka ba: a Amurka doka ta wajabta sa toshiya mai ruwan lemo a bakin bindigar kwaikwayo, ban da wadda ba ta harbi kuma ta kwaikwayi ƙirar da ta girmi 1898, a Ingila kuma dokar 2006 ta hana ƙera ko sayar da kwaikwayon da ba a iya bambanta shi da na gaske, sai ga irin su gidajen tarihi da masu shirya fim da wasan kwaikwayo, kuma ta ɗauke wa ƙirar da ta girmi 1870. Ina ganin bai dace ka yi odar irin na kamfanin Denix na ƙasar Sifen ba, waɗanda ake zubawa da ƙarfe kuma sassansu suke motsi, domin rigimarsu za ta fara tun daga hannun kwastan.

Siga uku ake yin wannan aiki. Akwai cikakken jiki da cikakken tsawo a cikin akwatin gilashi, akwai ƙaramin samfuri mai rabin girma ko kashi ɗaya cikin uku, akwai kuma rabin jiki, wato kamar an tsaga bindigar biyu a tsaye an manna ɓari ɗaya a jikin allo. Na ukun nake zaɓar maka. Idan aka tsaya a gabansa yana ba da duk abin da cikakken jiki zai bayar, da tsawonsa na ainihi, amma ko an ɓamɓare shi daga allon ba ya riƙuwa a kafaɗa, ba kuma zai yi wa ɓarawon da ya ɗauke shi amfanin tsorata kowa ba. Ɓarin dama za ka sassaƙa, domin a can mariƙin sakata yake, a can ake buga alamomin masana'anta a bindigogin sojan Ingila irin SMLE da Martini-Henry da zan yi bayaninsu a gaba, a can kuma makunnin bindigar ƙanƙara yake, wato mai ɗuri ta baki da dutsen ƙanƙara yake kunna albarushinta.

Sai kuma tantance bindigar. Sojojin Najeriya da suka je Bama suna cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, su biyun suka haɗu a kan garin Myohaung a Janairun 1945, kuma wata birged ɗin 'yan Najeriya ta shiga cikin dakarun musamman da ake kira Chindit, waɗanda barikin Zariya yake ɗauke da sunansu har yau. Bindigar sojan ƙasa a wannan fage Lee-Enfield ce mai harsashi .303 da gidan harsashi mai cin 10, amma iri biyu ne suka fi yawa, kuma wanda bai sani ba yakan gauraya su ya fito da abin da ba a taɓa ƙerawa ba. Ta farko ita ce SMLE, wato gajeriyar Lee-Enfield, samfuri na III, wadda aka fara bai wa sojan Ingila a 1907. Tsawonta kimanin santimita 113 ne, bututunta 64, nauyinta wajen kilo 4. Itace ya lulluɓe bututun har zuwa baki, inda wata hular ƙarfe mai kunnuwa biyu ta rufe shi, shi ya sa bakinta yake a dakushe kamar an datse, kuma abin saitinta na baya yana zaune a kan bututun, can gaban gidan harsashi. Ta biyu ita ce mai lamba 4, wadda aka karɓa a hukumance a 1941: bututunta ya leƙo waje ya wuce itacen, abin saitinta na baya ɗan zobe ne da aka mayar kusa da idon mai harbi, wuƙar bakinta kuma yawanci tsinken ƙarfe ne kawai, ba doguwar wuƙa mai kaifi ta 1907 ba, wadda tsawon ruwanta ya kai santimita 43. Ka ɗauki hoton kakanka ka sa madubin ƙara girma a kan bakin bindigar, domin nan ne bambancin ya fi fitowa. Idan hoton bai nuna bindiga ba, ka yi SMLE, saboda ita ce ta yi aiki a yaƙe-yaƙen duniya biyun, kuma masana'antar Ishapore ta Indiya, wadda take kusa da fagen Bama, ita ta ci gaba da ƙerawa har yaƙin ya ƙare.

Kada ka sassaƙa daga abin da ka riƙe a ka, kada kuma ka dogara da hoton da aka ɗauka a karkace. Gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Lids da gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan sun sa hotunan kayansu a intanet, kuma da yawa an ɗauke su ne daidai daga gefe. Ka buga ɗaya a takarda, ka auna tsawon bindigar a jikin takardar, ka raba tsawonta na ainihi da wannan adadi. Idan a takarda ta ba ka santimita 22.6, to kowane awo da ka ɗauka sai ka ninka shi sau 5 ya ba ka na gaske, tun da 113 ne cikakken tsawon. Ka ja layuka a tsaye da a kwance a kan hoton, ka ja irinsu masu faɗi ninki biyar a kan kwali, ka kwashe zanen gida-gida, ka yanke kwalin ya zama ma'auninka. Wurare uku ne ido yake saurin kama kuskure a cikinsu: gangarowar gindi daga layin bututu, da sirancin wuyan ƙota inda hannun dama yake kamawa, da wurin da gidan harsashi ya zauna gaban zoben kunama. Masu farawa sukan yi wuyan da kauri don tsoron karyewa, sai abin ya fito kamar na wasan yara, alhali a rabin jiki allon ne yake ɗauke da ƙarfin, ba wuyan ba.

Batun itace yana bukatar haƙuri fiye da kuɗi. Ƙotar ainihi da itacen walnat aka fi yin ta, mai ruwan ƙasa-ƙasa da duhu, daga baya da yaƙi ya matsa aka koma ga wasu itatuwan Turai masu haske. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne maɗaci, ko da yake ya fi shi ja, kuma ana kashe jan da rini kamar yadda zan faɗa. Dogon yaro dangin maɗaci ne, yana da arha, gara ba ta cika son sa ba, amma zarensa yakan harɗe ya tsage a ƙarƙashin gizago idan ba a bi shi a hankali ba. Ƙirya ta yi tauri da yawa, ka bar wa masu turmi da masu gawayin maƙera. Madobiya tana da kyau ƙwarai, amma saran da aka yi mata don fitarwa waje ya sa tun 2017 take cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma ba na son mu ƙara mata nauyi saboda ado. Idan ka sami tsohuwar ƙofa ko ƙafar gado ta madobiya, wannan kam riba ce. Tsohon katako ma ya fi sabo a kowane hali, domin ya riga ya sha damina da hunturu ya gama motsinsa. Ɗanyen katakon da aka yanka da damina zai kantare ko ya tsage da zarar iskar hunturu ta busa, kuma ƙa'idar da kafintoci suke bi ita ce a ba kowane inci na kauri kimanin shekara guda a inuwa. Katako mai kaurin inci ɗaya da rabi da faɗin inci 10 ya ishe ka.

Sassan da a ainihi ƙarfe ne, wato bututu da uwar jiki da sakata da gidan harsashi da hular baki, ka sassaƙa su daban da itace mai laushin zare irin malaina, sannan ka manna su da gam. Akwai hikima a raba su. A bindigar gaske itace da ƙarfe abu biyu ne da suka haɗu, kuma siririn layin da ke tsakaninsu shi ne yake gaya wa ido cewa an harhaɗa ta ne. Idan ka sassaƙa komai daga gungume ɗaya ka raba su da fenti kawai, za ta fito kamar an zuba ta a tukunya. Ka lura kuma ƙotar Lee-Enfield ba guda ɗaya ba ce. Gindi daban yake, itacen gaba daban, wani zoben ƙarfe mai faɗi ya shiga tsakaninsu a bayan kunama, sannan akwai murfin itace a saman bututu. Masassaƙin da ya saba da turmi da ƙotar fartanya zai iya fitar maka da siffar farko da gizago cikin yini guda, amma ƙarasawa da magagari da samfefa aikinka ne, kuma a nan ne makonni suke tafiya. Gefunan sassan ƙarfe su zama masu kaifi da miƙaƙƙun layuka kamar yadda inji yake yankawa, na itace kuma su zama masu taushi da lanƙwasa. Bakin bututu kada ka huda shi, ɗigon baƙin fenti ya wadatar, kunama kuma a manne take.

Mayar da itace ya yi kamar ƙarfe ya dogara ne da toshe zarensa. Ka shafa farin fentin share fage, ka goge da samfefa mai laushi, ka sake shafawa ka sake gogewa, har sai yatsa ya daina jin zaren kuma ido ya daina ganinsa idan ka karkata shi ga haske. Daga nan sai baƙin fenti marar sheƙi. Idan ya bushe, ka kankare bakin fensir mai laushi ya zama gari, ka dangwala da tsumma ka murza a kai, ka fi matsawa a gefuna da kan mariƙin sakata. Garin fensir yana ba da wannan ƙyalli mai duhu na tsohon ƙarfe wanda fentin azurfa ba ya taɓa bayarwa, kuma fentin azurfa shi ne abu na farko da yake tona asirin aikin ɗan koyo. A ɓangaren ƙota kuwa dukawanmu sun riga mu sanin hanya. Ruwan bagaruwa da majema suke jima da shi, idan ya haɗu da ruwan ƙarfe irin kulokon da baduku yake baƙanta fata da shi, yana juya itace zuwa duhu. Ka tsarma su sosai da ruwa, ka gwada a kan ragowar katakon da ka yanke, domin maɗaci yana kama wannan rini da sauri kuma idan ya wuce ba ya dawowa. Abin da kake nema shi ne jan ya mutu ya koma ruwan ƙasa, ba ya zama baƙi ba.

Kada ka kusanci man ƙyallin da ake fesa wa kujeru. Ƙotar bindigar soja man linsid ake shafa mata, wanda yake shiga cikin itace ya bar shi da ɗan sheƙi kaɗan, kuma masu sayar da kayan fenti suna da shi. Ana shafa kaɗan da tafin hannu, a bar shi ya tsotsa, a goge ragowar, a jira ya bushe sarai kafin a ƙara. Man gyaɗa da man ja ba sa bushewa, ƙura za su tara su kuma jawo ƙwari. Tsumman da ya jiƙe da man linsid yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu, don haka ka shanya shi a buɗe a waje ko ka tsoma shi a ruwa.

Ƙarfen da na yarda ya shiga aikin shi ne na ado wanda ba shi da alaƙa da harbi. SMLE tana da faifan tagulla a ƙarshen gindi, mai ɗan murfi inda soja yake ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu, kuma da yawa daga cikin na farko suna da wani ƙaramin faifan tagulla kamar kwabo a gefen dama na gindin, inda ake buga sunan bataliya. Maƙerin fari zai yanka maka su daga fallen tagulla. Maratayi kuwa na zaren kaki ne mai kauri da ƙugiyoyin tagulla a ƙarshensa, kuma tela mai ɗinkin tamfol zai iya yi.

A wurin alamomi ne ake gane wanda ya yi karatu. A jikin zoben da ke bayan kunama, ta dama, SMLE tana ɗauke da kambin sarauta, da haruffan sarkin zamanin, da sunan masana'anta kamar Enfield ko BSA ta Birmingham, da shekara, da samfuri. Haruffan VR na Sarauniya Biktoriya ne, wadda ta rasu a 1901, saboda haka ba su da wuri a kan bindigar da aka fara yi a 1907. ER na Sarki Edward ne har zuwa 1910, daga nan sai GR, na Ishapore kuma GRI. Samfurin da aka sa wa tauraro bayan lambar III ya fito ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka cire wasu sassa don a hanzarta ƙira, don haka ba zai ɗauki shekarar 1908 ba. Akwai kuma 'yar alamar kibiya mai ƙafa uku da gwamnatin Ingila take bugawa a kan kayanta. Ka zana waɗannan da bakin allura a kan fentin share fage kafin ka sa baƙi. Lambar bindiga kam kada ka ƙirƙira ta, domin lamba tana nufin rajista, kuma ba ka son jami'in tsaro ya tsaya yana tambayar ta. A madadinta, ka ƙona rubutu a bayan aikin da kuma a fuskar allon cewa kwaikwayo ne na itace, da sunanka da shekarar da ka yi shi, don kada wani magaji ko dillali ya sayar da shi wata rana da sunan kayan tarihi.

Tsufantarwa ita ce inda mutane suka fi wuce gona da iri. Sukan ɗauki sarƙa su yi ta dukan itacen ko'ina, su yayyafa jan fenti a matsayin tsatsa, su ce ya tsufa. Ka fara yanke shawarar wace rana kake nunawa. Idan bindigar da ke hannun kakanka a 1944 ce, to ba tsohuwa ba ce, kuma ba ta da tsatsa, domin sojan da saje ya ga tsatsa a bindigarsa ya san abin da zai biyo baya. Abin da take da shi shi ne sawun hannu: wuyan ƙota da ƙasan itacen gaba sun yi duhu da santsi saboda gumi da mai, gefunan ƙarfe sun yi haske saboda guga, faifan gindi ya ƙarje saboda dira shi da ake yi a ƙasa wajen fareti, itacen da ke maƙwabtaka da ƙarfe ya sha mai ya yi baƙi-baƙi, sannan 'yan lotsawa kaɗan a warwatse ba bisa tsari ba. Kowane tabo da za ka sa, ka iya faɗin abin da ya jawo shi, in ba haka ba ka bar wurin lafiya.

Game da faɗaɗa tarin, ka bi tarihin ƙasar yadda yake. A yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu da Sakkwato na ƙarni na 19, doki da mashi da takobi da kwari da baka su ne ginshiƙi, bindiga kuwa kaɗan ce, kuma ba ta yawaita a daular Sakkwato ba sai a rabin ƙarnin na biyu, galibi a hannun 'yan bindigar sarakuna. Bangon da aka cika da bindigogi da sunan wancan zamani ƙarya yake faɗa. Ka je Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ka ga makaman da idonka, ka nemi izinin zane da awo. Bindigar da ta dace da wannan babi ita ce ta ƙanƙara mai dogon bututu, wadda aka riƙa ƙerawa a Birmingham da Liyaj ta Beljiyam don kasuwar Afirka. Ta daɗe a hannun mutanenmu ne saboda yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta toshe shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Kwaikwayonta ya fi kowanne daɗin yi, domin gyaran gida yana cikin kamanninta: ɗaurin ɗanyar fata inda ƙota ta tsage, naɗin wayar tagulla, da layu a wuya. A nan ne kuma za ka gamu da jarraba, domin maƙeri zai ce maka ya fi masa sauƙi ya ƙera maka ta gaske ya toshe ta. Kada ka yarda, abin da aka toshe ana iya buɗe shi, kuma doka bindiga take kiran sa.

Bayanta sai Martini-Henry ta 1871, mai cin harsashi ɗaya, mai tsawon kimanin santimita 124, wadda ake gane ta da mariƙin da ke ƙarƙashin wuyanta da uwar jiki mai shafaffen gefe, abin da ya sa ta fi Lee-Enfield sauƙin sassaƙa, har ma ina ba da shawarar a koyi hannu da ita. Zamanin zuwan Turawa kuma, daga rundunar da Lugga ya kafa a 1897 zuwa faɗuwar Kano a 3 ga Fabrairun 1903, da karon Kwatarkwashi a ƙarshen watan, da Sakkwato a 15 ga Maris, da Satiru a 1906, ba ya cika sai da bindiga mai jigida ta Maxim, wadda ita da igwa suka karya dawakin. Ita kam ƙaramin samfuri za ka yi mata a kan ƙafafunta uku, wanda zai zauna a kan tebur. Ka tsayar da tarin a 1945. Duk abin da ya yi kama da AK-47 ko G3 ko FN ka bar shi, ko da rabin jiki ne, domin waɗannan ba tarihi ba ne a wurinmu, suna daji suna kuma kan hanya. Idan wani ya kawo maka tsohuwar bindigar gado ya ce ka saya, ka tuna abu biyu ne suka hau kanta: dokar bindigogi, da dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979, wadda ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikinsu.

Allon da za ka ɗora aikin ya zama mai kauri, a lulluɓe da yadi marar sheƙi, kore mai duhu ko kaki, a ɗaure aikin da gam da kuma sukurori daga baya, sannan a kafe allon kansa a bango. Ka bar ɗan rata tsakaninsa da bangon saboda gara da danshin damina, musamman idan ginin ƙasa ne, ka kuma nisanta shi da tagar da rana take bugowa da wadda ake hangen ciki daga titi. A ƙasan kowane aiki ka sa takarda mai ɗauke da sunan bindigar, da shekarar da aka fara amfani da ita, da tsawonta, da inda sojojinmu suka riƙe ta, da irin itacen da ka yi aiki da shi. Idan za ka kai shi makaranta don darasi ko don ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu, ka ɗauke shi da rana, a kan allonsa, fuskarsa a buɗe ba a naɗe cikin buhu ba, da takardar 'yan sanda da ta shugaban makaranta a aljihunka, kuma ka riga jami'in shinge magana tun kafin ya leƙa cikin motar.